Doro a Kan Rufi: Yadda Masu Duba Gida a Amurka Suka Koyi Karanta Katako

A Amurka, idan mai saye da mai sayarwa suka daidaita a kan kuɗin gida, ciniki bai faɗa ba tukuna. Yawancin yarjejeniyoyi suna ba mai saye 'yan kwanaki ya kawo wanda zai duba masa gidan tun daga tushe har ƙololuwa, ya rubuta masa abin da ya gani. In rahoton ya nuna babban aibi, yana iya neman a gyara, ko a rage kuɗi, ko ya janye. Wannan dubawar ita ce sana'ata, kuma a cikin duk abin da muke dubawa babu wanda ya kai rufi tayar wa mai saye hankali. Da zarar ya ɗaga kai ya ga wani wuri ya yi doro, wani ya lotsa, tambayarsa ɗaya ce: "Malam, faɗa mini gaskiya, rufin nan faɗowa zai yi?"

Amsar ba guda ba ce. Akwai doron da ido kawai yake damu, gidan zai tsufa da shi ba tare da ɗigon ruwa ya shiga ba. Akwai wanda ke nuna katako ya fara ruɓewa daga ciki. Akwai kuma wanda in ka taka shi ƙafarka za ta burma. Daga waje kusan kamanninsu ɗaya, rarrabe su kuwa shi ne gwanintar. Ba a aji aka fara koyar da wannan ba. Kowane irin doro akwai zamanin da ya haife shi, akwai canjin kayan gini ko na doka ko na tattalin arziki da ya jawo shi, kuma magabatanmu a sana'ar sun koye su ne ɗaya bayan ɗaya, a cikin silin ɗin mutane, da tocila a hannu. Shi ya sa nake ganin wanda bai san tarihin rufi ba, ba zai iya yi masa hukunci na gaskiya ba.

Sai an fara sanin yadda ake rufin. A ƙasashenmu kafinta yakan kafa rafta, ya gicciya katakai, ya buga kwano a kai. A nan akasarin gidaje ba haka ba ne. Ana rufe raftocin gaba ɗaya da shimfiɗar alluna, a bi ta da takardar kwalta, sannan a jera ƙananan fallayen kwalta masu yayyafin tsakuwa, wannan na hawa kan wancan. Fallayen ba su da ƙarfin kansu, yadda allon ƙasa yake haka za su kwanta. Allunan kuwa su ne ke ɗaure raftocin wuri guda, su ke ɗaukar nauyin dusar ƙanƙara, su ke riƙe rufin in iska ta taso.

Zamanin falanki

Har zuwa yaƙin duniya na biyu da falankai ake yin wannan shimfiɗa, masu faɗin inci 6 ko 8, ana buga su ɗaya bayan ɗaya a kan raftocin da galibi tazararsu inci 16 ce. Inda za a rufa da fallayen itace, har fili ake bari tsakanin falanki da falanki don iska ta ratsa ta busar da su. Aiki ne mai cin lokaci da ƙusa, amma yana da wata fa'ida da ba a lura da ita ba sai da aka rasa ta. Katako yana shan danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke. Duk wanda ya taɓa kokawa da ƙofar katako da damina, ya ga ta saki da kanta da hunturu, ya san wannan. A rufin falanki kowane katako yana da ɗan wurin motsi, sai motsin ya rarrabu a gaɓoɓi masu yawa maimakon ya taru wuri guda. Tsofaffin gidajen suna da nasu cututtukan: falanki ya tsage, rafta ta gaji ta rusuna. Amma doron nan mai miƙaƙƙen layi da ke damun mutane a yau, ba nasu ba ne.

Shigowar filaiwud

Masana'antar filaiwud na gini a Amurka ta samo asali ne daga wani babban baje-koli da aka yi a birnin Portland na jihar Oregon a 1905, inda wani kamfanin garin ya nuna allon da aka yi da siraran fallayen itace, aka manna su da gam, zaren kowane falle ya gicciye na ƙasansa. Kusan shekara talatin allon bai wuce aikin ƙofofi da kayan cikin ɗaki ba, domin gam ɗin lokacin da ya ji ruwa sai ya saki. A 1934 ne wani masanin sinadarai, Dokta James Nevin, da ke aiki a kamfanin Harbor Plywood a garin Aberdeen na jihar Washinton, ya samar da gam ɗin da ruwa ba ya ci. Yaƙin duniya na biyu ya gwada allon a barikokin soja da ƙananan jiragen ruwa, ya kuwa ci jarrabawa. Da sojoji suka dawo suna neman muhalli, ƙasar ta shiga gini ba ji ba gani. A Levittown kaɗai, kusa da birnin New York, an gina gidaje fiye da 17,000 tsakanin 1947 da 1951. A irin wannan gaggawa, allo guda mai faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 8, da mutum ɗaya zai ɗora ya kafe cikin 'yan mintoci, ba shi da abokin takara.

Sai kuma a 1955 wani injiniya a Fulorida, Calvin Jureit, ya ƙirƙiro farantin ƙarfe mai haƙora da ake dannawa a mahaɗar katakai. Da shi aka koma harhaɗa ƙwarangwal ɗin rufi a masana'anta, a kawo a mota, a jera a yini ɗaya. Tazarar raftoci ta buɗe zuwa inci 24, kaurin shimfiɗa kuma ya ragu zuwa rabin inci, wani lokaci har kashi 3 cikin 8 na inci. Gida ya yi sauƙi, ya yi araha, miliyoyin iyalai suka mallaki muhalli. Ba zan raina wannan ba. Amma a nan ne doro na farko da lotsawa ta farko suka samo asali.

Allo yana fitowa daga masana'anta a bushe ƙarau, domin da zafi aka matse shi. In ya iso wurin gini ya shaƙi danshin iska, ko ruwan sama ya taɓa shi kafin a rufe, sai ya ɗan ƙaru. Gicciyar fallayen tana rage ƙaruwar ƙwarai, amma ba ta hana ta ɗungum. Idan kafinta ya matse allo da allo, ya kafe su da ƙusa, ƙaruwar ba ta da inda za ta nufa sai sama. Ƙungiyar masu yin allon, wadda aka kafa a 1933 kuma ake kira APA a yau, ta daɗe tana nanata a bar tazarar kashi 1 cikin 8 na inci, kimanin milimita 3 ke nan, a kowace gaɓa. Kafintoci na ƙwarai ƙusa suke sakawa tsakanin allo biyu ta zame musu ma'auni. Sai dai wanda aka yaye a kan cewa gwaninta ita ce haɗa katako ba ko siririyar kafa, barin tazara da gangan sakaci yake gani. Har gobe wannan ne dalilin da na fi cin karo da shi a sababbin gidaje.

Lotsawa kuwa daga siririn allo a kan faffaɗar tazara take zuwa, musamman a dogon gefen allon da ba ya zaune kan rafta. Don haka aka fito da ɗan maƙalin ƙarfe mai siffar harafin H, da ake sakawa tsakanin allo biyu a tsakiyar tazarar, don su ɗauki nauyi tare.

Haihuwar sana'ar

Duk tsawon wannan zamani sana'ar duba gida ba ta yaɗu ba. Mai saye yakan tafi da mahaifinsa ko kawunsa ko wani abokin da ya taɓa aikin gini, su zagaya, su ƙwanƙwasa bango. Doka kuwa ta fi karkata ga mai sayarwa: ka buɗe idonka kafin ka biya, in ka biya ka saya da aibinsa. Amma gidaje sun canza fiye da abin da kawu ya sani. Zuwa farkon shekarun 1970 wasu injiniyoyi da 'yan kwangila suna karɓar kuɗi suna yin wannan zagaye, a 1976 kuma suka kafa ƙungiyar masu duba gida ta Amurka, ASHI, Ronald Passaro ya zama shugabanta na farko. A shekarar ce takwarorinsu na Kalifoniya suka kafa tasu, CREIA.

Babban abin da ASHI ta yi shi ne rubuta ƙa'idar aiki da ta ɗa'a. Aikinmu na gani da ido ne, ba ma fasa bango ba ma ɓanɓare rufi. Kuma a ƙa'idar ɗa'ar ASHI, wanda ya duba gida ba zai karɓi kwangilar gyara abin da ya duba ba sai bayan shekara guda. A wurina wannan sharaɗi shi ne ginshiƙin sana'ar. Mai gyaran rufi in ya ga doro, aiki ya gani. Mu kuwa ba mu da riba ko asara a cikin hukuncin, shi ya sa maganarmu take da nauyi.

A 1984 kotun ɗaukaka ƙara a Kalifoniya ta yanke hukunci a shari'ar Easton da Strassburger, kan wani gida da aka gina a kan cikon ƙasa, ƙasar ta zaftare bayan ciniki. Kotun ta ce dillali yana da alhakin dubawa da kyau, ya kuma bayyana wa mai saye aibin da ya kamata a ce ya gano. Tun daga nan dillalai suka fara tura masu saye wurinmu don nauyin ya ragu a wuyansu. A 1985 Tekzas ta zama jiha ta farko da ta kafa dokar kula da sana'ar, jihohi da dama suka biyo baya da lasisi da jarrabawa, ko da yake wasu, har da Kalifoniya kanta, ba sa ba da lasisin.

Tsadar mai da danshin silin

Takunkumin mai na 1973 ya sa ɗumama gida ya yi tsada. Jama'a suka shiga toshe kafofin iska, suna jibga audugar tare sanyi a kan silin. Ɗaki ya yi ɗumi, amma sararin da ke tsakanin silin da rufi ya koma sanyi ƙalau da hunturu. Tururin wanka da girki da numfashin mutanen gida yana sulalewa sama ta ramukan fitila da bakin ƙofar silin, ya tarar da allo mai sanyi, ya zama raɓa, a arewacin ƙasar har ya daskare. Sau da yawa audugar ta toshe kafofin iskan da ke bakin rufi, fankar banɗaki kuma tana hura tururinta cikin silin maimakon waje. Tun 1942 hukumar lamunin gidaje ta tarayya, FHA, ta sa sharaɗin murabba'in ƙafa 1 na kafar iska ga kowane murabba'in ƙafa 300 na silin, amma kafar da aka toshe ba ta da amfani ko da lissafinta ya cika.

Daga nan muka koyi doro na biyu, na ruwan da ba daga sama ya zo ba. Mai gida zai rantse rufinsa bai taɓa yoyo ba, kuma gaskiya ya faɗa. Amma ka haska tocila ka ga tsinin kowace ƙusa ya yi tsatsa da baƙin zobe kewaye da shi, ɓangaren rufin da ke fuskantar arewa, wanda rana ba ta cika bugu ba, ya yi baƙi da fumfuna, fallayen filaiwud sun fara rabuwa. Wanda ya canza fallayen kwalta a irin wannan gida ya bar fankar yadda take, ya zubar da kuɗinsa ne kawai.

Allon da aka yi wa maganin gobara

Babu abin da ya girgiza sana'armu, ya kuma ɗaga darajarta, kamar wannan. A ƙarshen shekarun 1970 da cikin shekarun 1980 an gina jerin gidaje masu manne da juna birjik, musamman a gabashin ƙasar. Da can sai an ɗaga bangon da ya raba gida biyu ya zarce rufi, don kada gobara ta tsallaka. Sai dokokin gini suka yarda a bar wannan, in dai an shimfiɗa filaiwud da aka jiƙa da maganin hana kamawar wuta, ƙafa 4 a kowane gefen bangon. Niyya mai kyau ce, ga kuma ragin kuɗi.

Maganin an tsara shi ne yadda in zafin gobara ya taɓa shi zai saki sinadari mai tsami, ya mai da fuskar katakon gawayi maimakon ya kama da harshen wuta. Abin da ba a lissafa ba shi ne zafin rana. Da bazara allon da ke ƙarƙashin baƙar kwalta yakan haura digiri 65 a ma'aunin Salshiyas, kuma ga wasu nau'o'in maganin wannan zafin ya isa ya tayar da aikin a hankali. Cikin 'yan shekaru allon ya yi duhu kamar an babbaka shi, ya yi gautsi, yana marmashewa a hannu. Daga waje sai ka ga rufin ya yi kwari daidai gefen bangon tsakani, sauran wurin lafiya lau. Cibiyar binciken itace ta gwamnatin tarayya da ke Madison a jihar Wisconsin, inda masana irin su Jerrold Winandy da Susan LeVan suka yi aiki a kai, ta bayyana yadda zafi da danshi ke karya ƙarfin allon. Shari'o'i suka yi yawa, har jihar New Jersey ta yi doka a 1991 don a biya kuɗin canza irin waɗannan rufi daga asusun garantin sababbin gidaje.

Tsofaffin da na koya a hannunsu sun ɗauki darasi biyu daga wannan. Na farko, ba a taka rufin jerin gidaje na wancan zamani sai an fara shiga silin an karanta hatimin da ke jikin allo. Na biyu, abu yana iya cika kowace ƙa'idar zamaninsa, ya sami hatimi da amincewar hukuma, ya kuma lalace. Waɗanda ke shiga silin kullum suna cikin na farko da suka lura cewa cuta ɗaya ce ke maimaita kanta daga unguwa zuwa unguwa.

Allon ɓarɓashi

Filaiwud yana buƙatar manyan gungume da za a fere. Da irin waɗannan itatuwa suka yi ƙaranci, aka kuma taƙaita sare tsofaffin dazuzzukan arewa maso yamma bayan 1990 don kare wani nau'in mujiya, kasuwa ta koma ga allon da ake yi da dogayen ɓarɓashin ƙananan itatuwa masu saurin girma. Ana jera ɓarɓashin hawa-hawa, kowane hawa ya gicciye na ƙasansa, a matse da gam. Armin Elmendorf ne ya ƙirƙiro shi a shekarun 1960, allon ya shiga kasuwa sosai a farkon shekarun 1980, ana kiransa OSB, kuma wajen shekarar 2000 ya wuce filaiwud yawa a Arewacin Amurka.

Allo ne mai ƙarfi in an kiyaye shi daga ruwa. Halinsa da ruwan ne daban. Ba ya saurin jiƙewa, amma in ya jiƙe ba ya saurin bushewa, gefensa kuma yakan kumbura ya ƙi komawa yadda yake ko bayan ya bushe. A daidai wannan zamani fallayen kwalta ma suka canza, aka koma masu zaren gilashi a ciki, sirara, waɗanda ba sa ɓoye komai. Haɗuwar biyun ta haifi wani sabon doro: ka tsaya a titi da hantsi ka iya ƙirga allunan rufi ɗaya bayan ɗaya, kowanne da zanen iyakarsa. Yana ba mai saye tsoro ƙwarai, amma in allon a bushe yake kuma ƙusoshinsa sun kama, yawanci muni ne kawai.

Darasin guguwa

Ranar 24 ga Agusta, 1992, guguwar Andrew ta afka wa kudancin Mayami ta rushe dubban gidaje. Masu bincike da suka bi baraguzan sun ga abu ɗaya yana ta maimaituwa: alluna sun tashi ɗungurungum, in aka juya su sai a ga jerin ƙusoshi ko ƙusar waya mai ƙafa biyu da ba su taɓa shiga rafta ba. Bindigar ƙusa ta sa aiki sauri, amma ta raba kafinta da abin da guduma ke gaya wa hannunsa in ya kuskure katako. Da allo ɗaya ya tashi, iska da ruwa sun sami ƙofa. Gundumar Dade, inda guguwar ta afka, ta hana amfani da ƙusar waya a rufi, ta tsaurara dokokinta, a 2002 kuma dokar gini ta bai-ɗaya ta fara aiki a duk faɗin Fulorida. A jihar yanzu akwai duba na musamman da kamfanonin inshora ke rage kuɗi a kansa, inda ake auna tsawon ƙusa da tazararta daga cikin silin.

Andrew ta koya mana cewa gefen allo da ya ɗaga ba kullum kumburi ba ne. Wani lokaci babu abin da ke riƙe da shi.

Yadda muke karanta doro a yau

Daga ƙasa ake farawa, daga nesa, kuma hasken safiya ko na la'asar da ke zuwa a karkace ya fi na tsakar rana tona asiri. Abin nema shi ne tsarin doron, domin ruwa ba ya tsami banza. Layuka miƙaƙƙu da ke maimaituwa kowace ƙafa 4 ko 8, gaɓoɓin alluna ne. Kwari-kwari kowane inci 24, allo ne ya yi wa tazararsa siranta ko danshi ya sanyaya shi. Doro guda da ya miƙe daga ƙololuwa zuwa bakin rufi yakan nuna wata rafta ta ɗara 'yan'uwanta tsawo tun ranar gini. In kuwa ƙololuwar ce gaba ɗaya ta rusuna a tsakiya, magana ta wuce allo, ta koma ga ƙwarangwal, wannan kuma aikin injiniya ne. Akwai ma tattarewar da ba ta kai ga katako ba, takardar kwalta ce ta jiƙe ta yamutse kafin a rufe ta.

In hawa ba shi da haɗari sai a hau, ana taka saitin raftoci, ana sauraron abin da tafin ƙafa ke faɗa. Allo mai lafiya yana ɗan ba da kai ya dawo. Ruɓaɓɓe yana nutsewa ba ƙarfi.

Hukunci kuwa a cikin silin ake yanke shi. Hatimin allo yana ɗauke da lambobi biyu, misali 24/16: ta farko ita ce iyakar tazarar rafta a inci in rufi aka yi da shi, ta biyu in daɓen bene ne. Sai a auna tazarar a gani ko ta wuce. A duba ko tsawon allon ya gicciye raftoci, domin ta nan ƙarfinsa yake. A duba ko an bar tazara a gaɓoɓi, ko akwai maƙalan H, ko an cike kusa da ƙololuwa da siririn yanki da ba shi da madogara. A bi gefen raftoci da tocila ana neman ƙusoshin da suka kuskure. A soka basilla inda launi ya canza. A sa na'urar auna danshi: katakon da ya daɗe sama da kashi 20 cikin 100 yana kan hanyar ruɓewa. A bi bututun kowace fanka har inda ya ƙare.

Magani yana bin dalili. Doron matsi, in allon lafiyayye ne, ana iya barinsa har ranar canza fallaye, sannan a tsaga gaɓar da zarto a ba ta wurin motsi, a sake kafewa. Lotsawa ana tallafa mata da guntayen katako daga ƙasa. Allon da ya ruɓe ko maganin gobara ya cinye, sai canji. Na danshi kuwa, tushen danshin ake fara kashewa kafin a taɓa katako.

Inda muka dosa

Kayan aikinmu sun ƙaru. Akwai ƙaramin jirgi marar matuƙi da ke ɗauko hoton rufin da tsani ba ya kaiwa, akwai kyamarar da ke ganin bambancin zafi, akwai manhajar da ke fitar da rahoto mai shafuka da yawa kafin a bar ƙofar gida. Ina amfani da su, ina kuma jin daɗinsu. Abin da ke damuna shi ne yadda suke sauƙaƙa wa mutum ya tsaya a bakin ƙofar silin ya leƙa, ya ɗauki hoto, ya rubuta cewa a nemi mai gyaran rufi ya ƙara dubawa. Ƙa'idar aiki ba ta tilasta mana gano dalilin aibi ba, kuma jimlar tana kare mai rubuta ta daga shari'a. Amma iyalin da suka tara kuɗin shekaru, da kwanaki ƙalilan a hannunsu kafin su yanke shawara, an mayar da su inda suka fito, kuma an miƙa su ga wanda ke da riba a cikin amsar.

Matsin yana zuwa ta fuska biyu. Dillalai suna da laƙabin da suke yi wa mai yawan tona aibi, mai kashe ciniki, kuma wanda ya dogara da su wajen samun aiki yakan ji nauyin laƙabin. A ɗaya gefen akwai mai kambama kowane doro don a ce ya iya aiki, ya sa mutane su gudu daga gida mai lafiya. Dukansu sun ci amana. Abin da mai saye ya biya shi ne a gaya masa wane irin doro ne wannan, me ya nuna haka, me zai biyo baya in an bar shi, da kuma wurin da ido bai kai ba. A shekarun 2020 zuwa 2022, da kasuwa ta yi zafi, masu saye da yawa sun yafe duban gaba ɗaya don tayinsu ya shiga. 'Yan'uwanmu da ke sayen gida a ƙasar nan, ina roƙonsu kada su yi haka, kuma ranar duba su zo da kansu su tambayi mai duban ko ya shiga silin har ƙarshensa.

Tarihin bai ƙare ba. Yanzu ana fesa kumfar tare zafi kai tsaye a ƙarƙashin allo, ta rufe fuskar da muka saba karantawa. Farantan sola suna rufe ta sama. Sababbin alluna masu rigar hana ruwa da ake liƙe gaɓoɓinsu da tef suna ta yaɗuwa. Wataƙila duk su yi kyau. Amma filaiwud mai maganin gobara ma da hatiminsa ya zo. In akwai wani sabon doro da ke tafe, ba a ɗakin gwaji za a fara ganinsa ba, a gidajen mutane ne, shekara goma bayan gini. Matashin da ke shiga sana'ar nan ya san shekarun gidajen yankinsa da abin da aka rufa su da shi, ya shiga silin ko da zafi, ya riƙa rubuta abin da ya ga yana maimaituwa, ya kuma faɗa wa 'yan'uwansa masu duba. Ta haka aka gano na baya, ta haka kuma za a gano na gaba.